'Yan Kwana-Kwana: Wutar Atisaye Ma Wuta Ce

Da zarar hunturu ya kama, ciyawar dajin Falgore ta bushe, manoman Tudun Wada da Doguwa sun tara kara kusa da rumbuna, sai hankalin 'yan kwana-kwana ya ƙi kwanciya. Ga kuma tankokin mai da ke bi ta Kwanar Dangora a hanyar Kano zuwa Zariya dare da rana. Wanda za a kira ranar da abu ya ɓaci, dole ya san zafin wuta tun kafin ranar. Shi ya sa sana'ar kashe gobara ba ta koyuwa a aji kaɗai. Sai an kunna wuta ta gaske, an sa ɗan koyo a gabanta.

A nan haɗarin yake, domin wuta ba ta san atisaye ba. A shekarar 1982, a garin Bolda na jihar Kolorado a Amurka, ma'aikatan kashe gobara biyu sun rasu cikin wutar da aka kunna don horo. Wannan rashi ya haifar da ƙa'idar NFPA 1403 a 1986. Ta ce kada malami guda ya riƙe ɗalibai fiye da biyar, kada a zuba fetur a ginin da ake atisaye, kada a kwantar da mutum mai rai a matsayin wanda za a ceto, kuma a tanadi ruwa daga wuri biyu, ko ɗaya zai yanke.

Kafin a ƙyasta ashana, malami yakan zagaya da yaransa su ga kowace ƙofar fita. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ya ja igiyar hular kwano, ya duba ko safar hannu ta rufe wuyan hannu, ya leƙa agogon tukunyar iska. Tukunyar da aka ce ta rabin awa ce, mai haki ba ya kai hakan da ita, don haka da ta yi fito, fita ake yi, ba gardama. Biyu-biyu ake shiga, a durƙushe, hannu a kan mesa, domin hayaƙi da zafi sama suke taruwa, mesar kuma ita ce jagora idan ido ya daina gani.

A fili kuwa, ana ba iska baya. Wutar fetur da kumfa ake lulluɓe ta. Ruwa watsa ta yake yi.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna wa Kanawa darajar waɗannan bayin Allah. Hakkinsu ne a kan hukuma ta ba su kayan kariya masu kyau da horo a kai a kai, har waɗanda ke aiki nesa da birni. Mai shiga wuta don ceton ɗan wani, shi ma ɗan wani ne, kuma ana jiran sa a gida.