Gargaɗi Ga Mai Niyyar Shiga Tsohon Jirgin Ruwa Karon Farko

Mu mutanen Zazzau, waɗanda iyakar saninmu da ruwa shi ne Galma idan ta kawo a tsakiyar damina, da Kubanni, da madatsar jami'a a Samaru, ba abin kunya ba ne mu yarda cewa sha'anin teku baƙo ne gare mu, ko da yake iyayenmu sun riga mu saninsa. Da yawa daga cikin ɗaliban da aka riƙa turawa Ingila a shekarun 1950, a nan tashar Sabon Gari suke hawan jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga Apapa kuma su shiga jiragen kamfanin Elder Dempster, waɗanda mafi shaharar su shi ne Aureol, wanda aka ƙera a Glasgow a 1951, ya yi ta kai da kawowa har 1974, kowace tafiya kusan mako biyu, yana yada zango a Firitawun da Las Palmas. Alhazan ƙasa kuwa, bayan sun ratsa Cadi da Sudan, a Sawakin suke ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da jirgin sama ya zo sai wannan ilmi ya kwanta dama tare da masu shi.

To, ga shi al'amarin yana neman dawowa, domin har gobe akwai 'yan'uwanmu masu ƙetarawa daga Sawakin, akwai kuma masu hali da dillalai ke kwaɗaita wa yawon shaƙatawa a teku, suna cewa ƙaramin tsohon jirgi ya fi araha, ya fi natsuwa, kuma yana shiga ƙananan tashoshin da manya ba su iya kusanta. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sun kan ƙara da cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai dai sun manta zuma ba ta tsatsa, alhali ƙarfe kuwa kullum gishirin teku yana cinsa.

Haƙiƙa yawan shekaru kaɗai ba shi ne aibin jirgi ba, aibin yana ga sakacin masu shi da haɗamarsu. A watan Fabrairu na 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98, wanda aka ƙera a Italiya a 1970 daga baya aka ɗora masa ƙarin benaye, ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, wuta ta kama a cikinsa, ruwan da aka yi ta kwarara don kashe ta ya taru a wurin ajiye motoci har ya karkatar da shi, mutum fiye da 1,000 suka riga mu gidan gaskiya. Le Joola na Senegal kuwa shekararsa 12 kacal da ƙerawa sa'ad da ya kife ranar 26 ga Satumba, 2002, amma an yi shi ne don mutanen da ba su kai 600 ba, aka loda masa fiye da ninkin haka sau uku, rayuka 1,863 suka salwanta bisa lissafin hukuma. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, nemi sunan jirgin da lambarsa ta IMO mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canjawa ko an sake masa suna sau goma, ka kuma tambayi takardar shaidar lafiyarsa ta ɗaukar fasinja, wadda doka ta wajabta a sabunta kowace shekara.

Idan Allah ya sa ka shiga, farillar farko ita ce atisayen ceto. Tun bayan nutsewar Titanic a 1912 aka kafa yarjejeniyar kare rayuka a teku, bayan haɗarin Costa Concordia na 2012, inda mutum 32 suka mutu, aka ƙara tsananta ta, har ya zama tun daga 2015 ana tara fasinjoji a nuna musu hanyar tsira kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Kada ka ce wannan bidi'ar Turawa ce ka zauna a ɗaki kana jan carbi, domin riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Ɗauko rigar ceto, ka sa ta da hannunka, ka ɗaure igiyoyinta har ka iya yi ido rufe. Ka ƙidaya ƙofofin da ke tsakanin ɗakinka da matakala, don ranar da lantarki ya ɗauke hayaƙi ya cika lungu, da lalube za ka fita. Jiniya gajera sau bakwai, doguwa ɗaya a bayansu, ita ce kiran kowa ya nufi matattararsa. Ga iyayenmu mata kuma ina roƙo, a bar kaskon turaren wuta da risho a gida, gama wuta ta fi ruwa haɗari ga jirgi.

Sai kuma jiri da amai, waɗanda ba su san malami ba, ba su san attajiri ba. Ƙaramin jirgi ya fi babba rawa, don haka nemi ɗaki a tsakiyarsa, a bene na ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Idan zuciya ta fara tashi fita sarari ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ka tauna citta, ka rage maiƙo, magani kuwa a sha shi tun kafin a tashi. Tsofaffin jirage suna da dokin ƙofa na ƙarfe mai tudu da matakalai masu tsaye, wanda duk zai tafi da dattijo ya yi la'akari da wannan.

Mas'alar salla malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, mai salla ya fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya shi ma ya juya gwargwadon iko, ya yi ta a tsaye, in tangaɗi ya hana shi ya zauna. Ma'aikatan jirgi sun san inda Makka take a kowane lokaci, tambaya kawai za ka yi. Abinci kuwa a yi maganarsa tun wajen yankan tikiti, in an sami shubuha a naman, kifi halal ne.

Abu na ƙarshe shi ne takardu, domin jirgin da zai tsaya a ƙasa uku yana iya bukatar biza uku ga mai fasfon Nijeriya, ban da katin rigakafin shawara. Duk dillalin da ya ce ka ba da kuɗi tukuna, sunan jirgi sai an isa bakin ruwa, ka mayar da kuɗinka aljihu, ka kuma faɗa wa maƙwabcinka kada ya faɗa hannunsa.