Duwatsun Ƙasar Yawuri da Asalinsu

Masana ilmin ƙasa sun kasa duwatsu kashi uku bisa ga asalinsu.

Na farko, dutsen wuta. Narkakke ne daga ƙarƙashin ƙasa, ya huce ya daskare.

Na biyu, dutsen shimfiɗa. Rana da ruwa su kan farfasa dutse ya zama yashi da laka, kogi ya kwashe ya jibge, hawa bisa hawa, har su sandare. Irinsa ya yawaita arewa, wajen Sakkwato.

Na uku, rikiɗaɗɗen dutse, watau wanda zafi da nauyin ƙasa suka sauya wa kama. Shi ya fi yawa a Yawuri da Ngaski. Cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa shi a kan sami zinariya, kamar a Bin Yawuri.

Sanin wannan wajibi ne kafin haƙa rijiya. Dutsen yashi ya kan riƙe ruwa, amma na wuta da rikiɗaɗɗe sai a tsagoginsu da rugurgujen samansu. Saboda haka ya kamata hakimi ya sa malaminsa ya rubuta irin dutsen da mahaƙa suka taras, da zurfinsa, a aika wa ma'aikatan ruwa, don kada kuɗin talakawa su salwanta.