Kujerun Ƙarfe na Shan Iska da Yaƙinsu da Tsatsa

A shekarar 1925, a makarantar zane da ƙere-ƙere ta Bauhaus da ke ƙasar Jamus, wani matashi mai suna Marcel Breuer ya dubi kan kekensa, ya ga yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe bai karye ba, ga shi kuma ba nauyi. Sai ya ƙera kujera mai hannuwa da irin wannan bututu, wadda daga baya aka sa wa suna Wassily. Ta cikin ɗaki ce. Wanda ya yi fice wajen fitar da kujerar ƙarfe waje shi ne Xavier Pauchard, wani maƙeri a garin Autun na Faransa, wanda a 1934 ya fito da kujerar Tolix. Gidajen shan shayi suka yi ta saye, don ana iya jera ta ɗaya bisa ɗaya, kuma tana jure ruwan sama.

To, me ya sa wata kujera ke shekaru a farfajiya tana sheƙi, wata kuwa damina biyu ta isa ta cinye mata ƙafafu? Amsar tana ga ɗan siririn rufin da ke jikin ƙarfen, wanda sau da yawa kaurinsa bai wuce na silin gashi ba.

Bari mu fara da tsatsa ita kanta. Ba ta samuwa sai abubuwa uku sun haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. Ɗigon ruwan da ya kwanta a kan ƙarfe yakan zama tamkar ɗan ƙaramin batir. A wani gefe ƙarfen na narkewa yana sakin ilektaron, a ɗaya gefen oksijin na karɓa, abin da suka haifa kuma shi ne jan garin nan da muka sani. Illarsa ita ce ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi girma, don haka sai ya kumbura, ya ɓamɓare, ya tone sabon ƙarfe ga ruwa da iska. Gishiri kuwa ƙara wa batirin ƙarfi yake yi, shi ya sa kujerun bakin teku suka fi saurin lalacewa.

Dabarar Pauchard ita ce tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyos, wato irin aikin da ake yi wa bokiti da kwanon rufi. Wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, shi ya yi rajistar wannan fasaha tun 1837. Abin sha'awa a nan shi ne, tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin ilektaron. Saboda haka ko an ɗan karce jikin kujerar, tutiyar da ke kewaye da wurin ita ce za ta ci gaba da cinyewa, ƙarfen ya tsira. Dishi-dishin toka-toka da ke bayyana a kanta bayan watanni shi ne garkuwarta, kuskure ne a kankare shi da sunan tsabta.

Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da wuƙaƙen kicin, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Ana gauraya shi da kiromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kiromiyam ɗin kan haɗu da oksijin ya yi wata fata da ido ba ya gani, wadda in an karce ta sai ta sake toho da kanta. Sai dai sunan ya ɗan zarce gaskiya, domin gishiri da ruwan bilic suna huda fatar, su bar ƙananan ramuka. Don haka a bakin teku an fi son samfurin 316, mai ɗauke da molibdinam, a kan samfurin 304.

Mafi yawan kujerun zamani kuwa garin fenti ake fesa musu, a gasa a tanda mai zafin kusan digiri 200. Wannan rufi yana da kyau da ƙarko, amma ba ya gyara kansa. Da zarar ya fashe, tsatsa sai ta shiga ta riƙa bi ta ƙarƙashi, fentin na tasowa kamar bororo.

Ke nan, mai kujera ya fara sanin irin rufin da ke jikin tasa. Dukkansu dai ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun ishe su, a ɗauraye, a goge su bushe. Ƙurar hunturu ma kada a raina ta, domin in ta taru a lungu takan riƙe laima idan damina ta faɗi. Kada a goge mara tsatsa da soson ƙarfe, saboda ɓurɓushin da zai bari shi ne zai yi tsatsa ya ɓata ta. In fenti ya fashe, a kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofofi, sannan a bi da mai launi.

A ganina, inda aka fi sakaci shi ne ƙafafu da wuraren walda. Nan ruwa ke maƙalewa, nan kuma jan kujera a kan siminti ke cinye fenti. A mayar da robar ƙafa in ta faɗi, a kuma zokale ƴan ramukan da aka huda a ƙasan bututu don ruwa ya fita, domin bututu kan ruɓe daga ciki alhali waje na sheƙi. Naɗe kujera da leda tsam kuwa tara mata raɓa ne. Gara rumfa mai iska.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji da kwalabe huɗu da ƙusoshi huɗu. A sa ƙusa ta farko a busasshiyar kwalba a toshe, ta biyu a ruwa rabinta a waje, ta uku a ruwan gishiri, ta huɗu kuma a ruwan gishirin amma a ɗaure mata guntun tutiya da aka yanko daga jikin tsohon batirin tocila. A riƙa dubawa kullum har mako guda, ɗalibai na rubuta ranar da ja ya fara bayyana a kowace kwalba.