Kalmomi biyu na matuƙan jirgin ruwa da ke da amfani ga manomin Daura

Daura ba ta da teku, amma akwai wasu kalmomi biyu na matuƙan jiragen ruwa na Ingila da suka shafi gonar gero a Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu. Su ne windward da leeward.

Windward na nufin gefen da iska ke fitowa, wanda take fara bugawa. Leeward kuwa shi ne gefen da ta nufa, wato wanda ke cikin kariya a bayan jirgi, dutse ko itace. Ba gabas ko yamma ba ne. Idan iska ta juya, gefen biyu sai su yi musanya.

Matan karkara sun daɗe da sanin wannan. Mai shiƙa ba ta tsayawa a inda iska ta nufa, don kada ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

A ƙasar Daura, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ta damina na fitowa daga kudu maso yamma. Sai dai guguwar da ke gaban hadarin farkon damina yawanci daga gabas take tasowa, kuma ita ce ke binne sabon tsiron gero da rairayi, har manomi ya sake shuka.

A nan ne bambancin ke zama batun abinci. Jerin itatuwa na kare fili mai nisan ninki 10 ko fiye na tsayinsu, amma a bayansu. Ta gefen da iska ke fitowa, kariyar kaɗan ce. Wanda ya dasa darbejiya a yammacin gonarsa don tsoron guguwar gabas, maƙwabcinsa ya yi wa aiki.

A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, an fara dasa irin waɗannan layukan darbejiya tun 1975. Katsina kuma na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa.

Don haka kafin manomi ya haƙa ramin dashe, ya kamata ya fara tantance iskar da ta fi yi masa ɓarna, da kuma inda take fitowa.