Idan Baƙon Airbnb Ya Yi Ɓarna, Asirin Wa Ake Rufawa?

A watan Yunin 2011 wata mata mazauniyar birnin San Francisco ta dawo daga tafiyar mako guda ta iske gidanta kamar an yi yaƙi a ciki. Kafin ta tafi ta bayar da shi haya ta hannun Airbnb, kamfanin da ke haɗa mai gida da matafiyin da ke neman masauki na 'yan kwanaki. Waɗanda suka sauka sun fasa ƙofar ma'ajiyar da ta kulle, sun kwashe fasfo ɗinta da kuɗi da katin banki da kayan adon kakarta. Sun ƙona kaya a murhun ɗumama ɗaki ba su buɗe mafitar hayaƙi ba, toka ta bi ko'ina. Duk tsawon makon nan kuwa, wanda ya kama hayar yana ta aiko mata da saƙonni masu daɗi, yana yaba kyan gidan. Ta rubuta abin da ya same ta a intanet, amma ba ta sa sunanta ba. Haruffa biyu ta sa, EJ, kuma da su aka san ta.

Ƙorafinta bai tsaya kan ɓarayin ba. A lokacin kamfanin ba ya barin mai gida ya san cikakken bayanin baƙonsa sai an biya kuɗi, don kada su daidaita a bayan idonsa ya rasa la'adarsa. Ta ce wannan tsari shi ya sa ta ɗauka kamfanin ya riga ya tantance mutumin, tunda ya hana ta tantancewa da kanta. Ashe babu wanda ya tantance kowa.

Labarin ya yi wajen wata guda bai yi nisa ba, sai da Airbnb ya sanar a watan Yuli cewa ya samu jarin dala miliyan 112, darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya. Nan 'yan jarida suka yi caa. Matar ta ce ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ya kira ta yana roƙon ta sauke rubutun ko ta taƙaita masu ganinsa, saboda zai iya ɓata musu neman jari. Ran 1 ga Agusta shugaban kamfanin, Brian Chesky, ya fito ya nemi gafara, ya yi alkawarin biyan diyyar ɓarna har dala 50,000 ga masu gidaje. A 2012 aka ɗaga adadin zuwa dala miliyan ɗaya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne halin da ita kanta ta shiga a tsakanin. Da yake ba ta bayyana sunanta ba, wasu suka ce ƙarya take yi, wasu suka ce masu otal ne suka ƙirƙiro ta don su ɓata sabon abokin gogayya, wasu kuma suka shiga tonon ko wace ce. Mace ce da ɓarawo ya san adireshinta, ya ga takardunta, ya kwana a gadonta; ta bar gidan tana raɓe wurin abokai. Sai ga shi ana ce mata in tana so a yarda da ita, ta ƙara tona kanta. Ko da 'yan sanda suka tabbatar sun kama wata mata da ake zargi, masu shakka ba su dawo sun ba ta haƙuri ba.

Tun daga nan matsalar ta ɗauki siffar da take da ita har yau. Akwai sirri iri biyu a duk irin wannan lamari. Akwai sunan wanda aka cuta, da fuskarsa, da adireshinsa, da abin da aka yi wa jikinsa. Wannan nasa ne, shi ke da ikon faɗa ko yin shiru. Akwai kuma bayanin yadda ɓarnar ta auku, wace kafa aka bari a buɗe, sau nawa irin haka ta faru; wannan haƙƙin duk wanda zai kama ɗaki gobe ne. A ganina yawancin rigingimun da suka biyo baya sun samo asali ne daga yadda ake ɗaure biyun a ƙulli ɗaya, a ce ana kare na farko, alhali na biyun ake binnewa.

Me ya sa kamfani zai so haka? Airbnb ba shi da ɗaki ko ɗaya. Hajarsa ita ce natsuwar da ke sa mutum ya miƙa makullin gidansa ga wanda bai taɓa gani ba, ko ya yi barci a gidan wanda bai sani ba. Mutanenmu da suka yi fataucin goro da shanu sun san irin wannan sana'a wurin fatoma, mai saukar da fatake a zango: ya ba baƙo masauki, ya haɗa shi da mai saye, ya ci la'ada, amma in aka ci amanar baƙon, wuyan fatoman ake kamawa, don sunansa ne jarinsa. Kamfanin zamani ya ɗauki masaukin da la'adar, ya bar ɗaukar alhakin. Ya ce shi dandali ne kawai, abin da ya faru tsakanin mai gida da baƙo nasu ne.

Doka ta daɗe tana mara wa wannan matsayi baya. A Amurka akwai sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba za a kama shafin intanet da laifin abin da wani ya wallafa a kansa ba. An yi shi ne tun kafin a yi tunanin za a riƙa hayar gidaje ta waya, amma kamfanonin suka fake da shi. A Turai ma, a Disambar 2019 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Airbnb mai hidimar sadarwa ne, ba dillalin gidaje ba, don haka dokar dillalai ta Faransa ba ta hau kansa ba. Sai dai katangar ta fara tsagewa: a 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta goyi bayan birnin Santa Monica, ta ce sashe na 230 ya shafi abin da aka wallafa, bai hana birni ya tsara cinikin da kamfani ke karɓar kuɗi a kansa ba.

Ga kuma sharuɗɗan nan masu tsawo da kowa ke latsa amincewa da su ba tare da ya karanta ba. A cikinsu mai amfani da manhajar a Amurka ya yarda cewa in rigima ta taso ba kotu za a je ba, sai wurin mai sasanci a bayan labule. Ba alƙali, ba 'yan jarida, ba hukuncin da wani zai kafa hujja da shi nan gaba.

Yadda wannan ke aiki a zahiri ya fito fili a Yunin 2021, lokacin da mujallar Bloomberg Businessweek ta buga binciken 'yar jarida Olivia Carville. Ta bayyana cewa kamfanin na da wata tawaga ta musamman, ma'aikata wajen ɗari, a birane irin su Dublin da Montreal da Singafo, aikinsu kula da munanan lamura, kuma yana kashe kimanin dala miliyan 50 a shekara wajen biyan masu gidaje da baƙi. Babban misalinta wata 'yar Ostireliya ce da aka yi wa fyaɗe a wani gida kusa da dandalin Times Square a New York, a daren shiga shekarar 2016. Ita da ƙawayenta sun karɓi makullin ne a wani kantin unguwa, ba a ko tambaye su shaida ba. Wanda 'yan sanda suka kama kuwa an same shi da makullan gidan. Kamfanin ya yi hanzari: ya mayar da ita otal, ya biya wa mahaifiyarta kuɗin jirgi daga Ostireliya, ya ɗauki nauyin magani. Daga baya aka sasanta kan dala miliyan 7, bisa sharaɗin ba za ta kai kamfanin ko mai gidan ƙara ba, ba kuma za ta ɗora musu laifi ba.

A nan dole mutum ya yi adalci. Mace da ta shiga wannan bala'i tana iya gwammace a biya ta a rufe, da ta shafe shekaru tana amsa tambayoyin lauyoyi a gaban jama'a kan abin da ta sa da abin da ta sha. Duk wanda ya taso inda ake ɓoye irin wannan don gudun abin kunya ya san nauyin zaɓin, kuma ba wanda ya isa ya zarge ta. Taimakon gaggawan ma na gaske ne, otal da yawa ba za su yi rabinsa ba. Amma fiye da shekara biyar jama'a ba su san sunan Airbnb na cikin lamarin ba, a daidai lokacin da kamfanin ke fafatawa da hukumomin New York kan halascin irin wannan haya. Sakacin ajiye makulli a kanti, wanda kowa zai iya ɗauka ya yanko irinsa, ba sirrin matar ba ne. Ana iya shelanta shi ba tare da an ambaci ko ƙasarta ba.

Watanni biyu bayan rahoton, kamfanin ya ce ya daina tilasta sasancin bayan labule a ƙarar cin zarafin jima'i. A Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta hana irin wannan tilasci a faɗin Amurka. Haka tarihin yake tafiya: diyya bayan EJ, haramta gidajen casu bayan an harbe mutum biyar a wani bikin Halloween a garin Orinda na jihar Kalifoniya a 2019, haramta kyamarorin tsaro a cikin ɗakuna daga ƙarshen Afrilun 2024. Kowane gyara sai da wani lamari ya kuɓuce wa rufi ya kai kunnen jama'a. Wannan kaɗai ya isa nuna abin da ake asara idan aka yi nasarar rufewa.

Batun kyamara ya fi kowanne ɗaure kai, domin a nan sirrin shi ne abin da aka sace. Binciken da CNN ta yi a Yulin 2024 ya nuna cewa wani wakilin kamfanin ya shaida a wata shari'a cewa an buɗe takardun ƙorafi wajen 35,000 kan na'urorin leƙen asiri cikin shekara goma. Kamfanin ya ce ƙorafi ɗaya kan haifar da takardu da yawa. Binciken ya kuma ce ba al'adar kamfanin ba ce ya sanar da 'yan sanda da kansa, kuma yakan tuntuɓi mai gidan da ake zargi yayin nasa binciken. Ana iya cewa barin wanda aka cuta ya zaɓi ko zai kai ƙara mutunta shi ne. To, amma kyamarar da aka ɓoye a na'urar gano hayaƙi ba baƙo ɗaya ta ɗauka ba. Waɗanda suka kwana a ɗakin kafin shi ba su ma san akwai zaɓin da za su yi ba, kuma sanar da mai gida ba shi dama ce ya goge abin da ke ciki.

Maganin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a ƙara tantancewa, kuma an ƙara: katin shaida, hoton fuska, binciken tarihin laifi a Amurka. Wannan ma da kuɗinsa. Bayanan miliyoyin mutane sun taru a hannun kamfani ɗaya, sannan duk abin da aka nuna wa mai gida yana iya zama makamin wariya. Masu bincike na jami'ar Harvard sun gano cewa baƙi masu sunayen da aka fi sanin baƙaƙen fatar Amurka da su, damar a karɓe su ta gaza ta masu sunayen fararen fata da kashi 16 cikin 100. A 2018 kamfanin ya daina nuna hoton baƙo sai bayan an amince da saukarsa. Wato ɓoye bayanin da EJ ta koka a kai shi ne kuma ke kare wani daga a ƙi shi saboda launinsa. Babu mafita mai sauƙi a nan, sai dai guda: duk wanda ya riƙe bayanin ya hana mai gida gani, ya ɗauki nauyin tantancewar ke nan, ko ya so ko ya ƙi.

Abin lura, kamfanin ya iya kare sirri idan ya yi daidai da buƙatarsa. Da birnin New York ya yi doka a 2018 cewa ya riƙa miƙa bayanan masu gidaje, kotu ya garzaya, alƙali ya dakatar da dokar a Janairun 2019. Birnin ya sake shiri, daga Satumban 2023 ya wajabta wa masu gidaje yin rajista kafin a karɓi ko sisi.

A Legas da Abuja hayar gida ta 'yan kwanaki ta bunƙasa, kuma da yawanta ta Instagram da WhatsApp ake ƙullawa, babu ma kamfanin da za a riƙe. Idan abu ya lalace, matsalar takan zama akasin ta Amurka: maimakon rufewa, hoton kyamarar gida da katin shaidar da aka karɓa a ƙofa su ne ke fara yawo a wayoyi. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki kan mai tattara irin waɗannan bayanai, amma mai gida biyu a Wuse ko Lekki ba lallai ya san da shi take magana ba.

Cewa ba za a iya faɗin gaskiya ba tare da tona asirin waɗanda aka cuta ba, kamfanin Uber ya riga ya ƙaryata shi. A Disambar 2019 ya buga rahoton da ya nuna an kai masa ƙorafin cin zarafin jima'i 5,981 a Amurka cikin 2017 da 2018, ya rarraba su iri-iri, bai ambaci sunan kowa ba. Abin da Airbnb ya saba faɗi shi ne ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 na saukar baƙi ne ke haifar da ƙorafin tsaro. A 2023 kaɗai an kama darare miliyan 448 ta manhajarsa, kuma wannan ƙaramin kaso bai gaya wa matafiyi nawa ne ƙwan fitila da ya fashe, nawa ne kyamara a banɗaki, nawa ne makullin da ke hannun wani ba.