Gubar da ba ta da wari

Idan kogin Jama'are ya tumbatsa, mutanen ƙasar Katagum da idonsu suke ganin ruwa, su kwashi yara da dabbobi su nufi tudu. Tururin nukiliya kuwa ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ƙara. Saboda haka babbar kariya daga gare shi ita ce labari ya iso da wuri.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren ta fashe, hukumomi suka yi gum, ba a kwashe mutanen garin Pripyat ba sai washegari. Shanu suka ci ciyawar da guba ta sauka a kai, yara suka sha madararsu, daga baya dubbai suka kamu da kansar maƙogwaro.

Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya tukuna, ko da yake an ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom don ginawa. Abin da ke akwai shi ne ƙaramar na'urar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004.

Haɗarin da ya fi kusa da Azare ta ƙasar Katagum yana cikin buhun ɗan gwangwan. A 1987, a birnin Goiânia na Burazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka ɗauko na'urar gasa cutar kansa daga wani asibiti da aka rufe. Da aka fasa ta, sai ga wani gari mai shuɗin haske. Aka riƙa raba wa 'yan uwa, ana shafawa a jiki. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka gwada sama da mutum 110,000.

In aka yi shelar haɗari, a shige ɗaki, a rufe tagogi, a tuɓe kayan da aka shigo da su a ƙulle a leda, a yi wanka da sabulu. A ci abincin da ke rufe kawai, a kasa kunne ga rediyo. Ƙwayar aidin sai da umarnin likita. Ƙarfe mai alamar fukafukai uku baƙaƙe a kan rawaya, kada a taɓa shi. A nisance shi, a sanar da hukuma.

Muna kira ga hukumar kula da nukiliya (NNRA) da ta agajin gaggawa (NEMA) su kawo wannan ilimi da Hausa zuwa kasuwar Azare, ta bakin limamai, masu unguwanni da shugabannin 'yan gwangwan.