Gajiyar Ƙarfe: Abin da Ke Karya Keken Hawan Duwatsu

Gabatarwa

Keken hawan duwatsu, wato keken nan mai kaurin taya da giya da yawa wanda ake bin hanyoyin daji da gangaren tsaunuka da shi, ya samo asali ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Wasu matasa ne suka riƙa tseren gangarowa daga tuddan da ke kewaye da Dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna, kekunan kuma suna yawan lalace musu. Wannan ya sa Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper kasuwa, sannan a 1996 aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

Duk da ci gaban da aka samu tun daga lokacin, har yanzu firam, wato kwarangwal ɗin da ke riƙe da ƙafafu da sirdi da feda, yakan karye. Abin mamakin shi ne sau da yawa yakan karye ne ranar da ba a yi karo da komai ba. Mai keke ya rantse bai aikata komai ba, kamfani kuma ya ce ƙirarsa ba ta da aibi. Tana yiwuwa dukkansu gaskiya suke faɗa, domin abin da ya karya keken ya daɗe yana aiki a ɓoye. Masana suna kiran sa gajiyar ƙarfe.

Mene ne gajiyar ƙarfe?

Idan aka ɗauki 'yar waya aka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba za ta tsinke ba. Amma idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri guda, ba da jimawa ba za ta rabu biyu, alhali ƙarfin da aka sa a lanƙwasawar ƙarshe bai fi na farko ba. Gajiyar ƙarfe ke nan a taƙaice: nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka maimaita ɗora shi da sauke shi sau dubbai ko miliyoyi.

Injiniyoyi sun koyi wannan darasi ne da tsada. A watan Mayu na 1842, sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye a hanyarsa daga Basai zuwa Faris a Faransa, jirgin ya kama da wuta, fiye da mutum 50 suka halaka. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekarun 1850 da 1860 yana gwada irin waɗannan sanduna a injin da ke juya su ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyin. Ya gano cewa gwargwadon raguwar nauyin da ake maimaitawa, gwargwadon ƙaruwar juyin da sanda ke jurewa kafin ta karye.

Firam ɗin keke yana cikin irin wannan hali kullum. Duk takun feda yana murɗa shi zuwa gefe ɗaya, taku na gaba ya mayar da shi ɗaya gefen. Mahayin da ke juya feda sau 80 a minti ɗaya yana yin juyi 4,800 a awa guda, wato 480,000 a cikin awa 100. Ga kuma duwatsu da ramuka da jan birki, kowanne da irin bugun da yake yi wa firam.

Inda tsagewa ke farawa

Tsagewa ba ta farawa haka kawai a ko'ina. Takan zaɓi wurin da nauyi ke taruwa: kusurwa mai kaifi, bakin rami, ƙarzuwa mai zurfi, ko gefen walda. Jirgin saman Comet na Birtaniya ya zama misali a nan. Biyu daga cikin irinsa sun tarwatse a sama kan Bahar Rum a 1954. Da masu bincike a Farnborough suka sa gangar jikin wani Comet a cikin babban tankin ruwa suna ƙara matsi suna ragewa, sai ta tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinta.

A jikin keke, wuraren da suka fi haɗari su ne ƙarƙashin mahaɗar da babban bututu ya haɗu da wuyan keke, da kewayen gidan feda, da sandunan da ke tafiya daga gidan feda zuwa ƙafar baya, da kunnuwan da ake ɗaure shokazoba a kai. Tsagewar takan fara da ƙanƙantar da ido ba ya gani, tana ƙara tsawo kaɗan da kowane bugu. Sannu a hankali ƙarfen da ya rage lafiyayye yana raguwa, har ranar da ba zai iya ɗaukar ko da nauyin yau da kullum ba, sai ya ɓalle farat ɗaya.

Karyayyen wurin yakan ba da labarin kansa. Ɓangaren da tsagewa ta daɗe tana ci yakan yi santsi, sau da yawa da layuka masu lanƙwasa irin na bayan ƙumba, wani lokaci da duhun datti ko tsatsa. Ɓangaren da ya ɓalle a ƙarshe kuwa yakan kasance mai kaushi da haske. Da wannan ne gwani ke bambance karayar gajiya da karayar karo.

Baƙin ƙarfe, alminiyam da zaren kabon

Kayan da aka ƙera firam da shi yana da tasiri a kan yadda zai gaji. Baƙin ƙarfe irin na sitil yana da wata iyaka wadda idan nauyin da ake maimaitawa bai kai ta ba, zai iya jure juyi miliyoyi ba tare da ya tsage ba, muddin tsatsa ba ta ci shi ba. Alminiyam ba shi da irin wannan iyaka bayyananniya. Kowane juyi yana rage wani abu daga kwanansa, komai ƙanƙantarsa.

To, me ya sa ake amfani da alminiyam? Saboda rashin nauyinsa. Nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya da shi. Sai dai kuma saurin lanƙwasarsa ya ninka na baƙin ƙarfe kusan sau uku. Shi ya sa ake yi masa bututu masu faɗi, don firam ɗin ya rage lanƙwasa, nauyin da ke kan kowane ɓangare ya ragu. Haka kuma zafin walda yana tausasa alminiyam ɗin da ke gefenta. Saboda haka firam ɗin da aka yi da gaurayen da ake kira 6061, mai ɗauke da maganiziyam da silikon, sai an mayar da shi tanda bayan walda an gasa shi bisa ƙa'ida kafin ƙarfinsa ya dawo.

Zaren kabon kuwa ba ƙarfe ba ne. Shimfiɗu ne na siraran zare da aka manne da wani irin ƙaro mai tauri. Yana jure maimaicin nauyi ƙwarai, amma bugun dutse na iya raba shimfiɗun daga ciki alhali fenti yana nan lafiya a waje.

Aikin shokazoba ta baya

Mutane da yawa suna ɗaukar shokazoba a matsayin kayan jin daɗi kurum. Aikinta ya wuce nan, kuma ɗan lissafi zai nuna haka. A ɗauka keke da mahayinsa sun diro daga tsawon santimita 100. Matsakaicin ƙarfin bugun ya dogara ne da tazarar da aka tsayar da su a cikinta: a haɗa tsawon dirowa da tazarar tsayawa, a raba da tazarar tsayawa. Idan taya kaɗai ta lotsa santimita 3, sakamakon shi ne 103 a raba da 3, wato bugun ya ninka nauyinsu kusan sau 34. Idan kuwa shokazoba ta ba da santimita 15, to 115 a raba da 15 ke nan, wato kusan ninki 8. A zahiri gwiwoyi da hannuwan mahayi suna shanye wani kaso mai yawa, amma lissafin ya nuna inda aka dosa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin a wuraren walda injiniyoyi kan yi aiki da ƙa'idar cewa idan nauyin da ake maimaitawa ya ninka sau biyu, kwanan wurin yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas.

Shokazoba tana da sassa biyu. Na farko shi ne sifirin, na ƙarfe ko na matsattsiyar iska. Sifirin na ƙarfe yana bin dokar Robert Hooke ta 1678, wato lotsawarsa daidai take da nauyin da aka ɗora masa. Na iska kuwa yana bin dokar Robert Boyle ta 1662: idan aka matse iska zuwa rabin wurinta, matsinta ya ninka, don haka yana ƙara tauri yayin da yake kusantar ƙarshe. Sashe na biyu shi ne mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, wanda ke mayar da ƙarfin bugu ya zama zafi. Ba don shi ba, da keken ya yi ta tsalle kamar ƙwallo.

Matakin farko na daidaita ta shi ne auna yawan lotsawar da take yi idan mahayi ya zauna cik da kayansa. Yawancin masu ƙira suna ba da shawarar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyar sandarta. Idan sandar tana tafiyar milimita 60, kashi 30 shi ne milimita 18, kuma akwai zoben roba a jikin sandar da ke nuna inda ta tsaya. Ana ƙara iska ko a rage ta da famfo na musamman har a kai wannan awo. In iska ta yi kaɗan, shokazoba za ta riƙa ƙurewa, bugun ya wuce kai tsaye cikin firam. In ta yi yawa, ba za a ci moriyar tazarar da aka tanada ba.

A lura kuma cewa a keken da ƙafarsa ta baya ke motsa milimita 150 alhali sandar shokazoba na motsa 60, ƙarfin da ke kan shokazoba ya ninka na kan ƙafar kusan sau biyu da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa kunnuwanta da notunanta ke shan wahala, kuma noti mai kwance ko boris da ya cinye kan gaggauta tsagewa.

Mataki na biyu shi ne saurin dawowa. In ta cika sauri, keke zai harba mahayi gaba. In ta cika nawa, ba za ta gama miƙewa ba kafin bugu na gaba, sai ta yi ta nutsewa har ta ƙure.

Garanti da iyakarsa

Garanti alkawari ne na gyara ko musanya idan aibin daga kayan ƙira ne ko daga aikin ƙira. Ba ya ɗaukar karo, ko tsufa na al'ada, ko sauyin da mai keke ya yi, kamar sa cokalin gaba da ya fi wanda aka tsara tsawo, ko ɗaga sandar sirdi ta wuce alamar iyakarta. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai sayen sabon kaya kariyar aƙalla shekara biyu, a Amurka kuma dokar Magnuson-Moss ta 1975 ce ta tsara yadda ake rubuta garanti. Kamfanoni da dama suna ba da garanti na tsawon rai a kan firam, amma galibi ga wanda ya saya sabo kaɗai.

Kafin a sayar da firam akan gwada samfurinsa. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 4210 ya tanadi gwaje-gwajen gajiya, ciki har da danna wurin feda sau 100,000. Haka nan ma'aunin ASTM F2043 ya kasa kekuna aji-aji: aji na 3 na dirowar da ba ta kai santimita 61 ba ne, aji na 4 kuma wadda ba ta kai 122 ba. Wanda ya yi aikin aji na 4 da keken aji na 3 ya fita daga alkawari.

Saboda haka mai neman haƙƙinsa yana bukatar rasit, da lambar firam da akan buga a ƙarƙashin gidan feda, da hotunan karayar. Kada ya goge bakin karayar ko ya kai ta wurin mai walda, domin nan ne shaidar take. Tsagewar da ta taso daga ramin iska a cikin walda tana nuna laifin ƙira. Bututun da ya lotsa ya yamutse kuwa karo yake nunawa.

Kammalawa

Da yawa daga kekunan hawan duwatsu da ake gani a kasuwannin Nijeriya da Nijar na gwanjo ne. Garantinsu bai biyo su ba, kuma mai saye bai san adadin bugun da firam ya riga ya sha ba. Dubawa ce kaɗai kariyarsa. A wanke keken, a duba gefen kowace walda cikin haske sosai. Siririn layi a fenti, ko baƙin tabo da ke dawowa bayan an goge, ko ƙarar da ke fita da kowane takun feda, duk alamu ne da ba a yi musu sakaci. Firam na baƙin ƙarfe ƙwararren mai walda na iya gyara shi. Na alminiyam kuwa, idan an yi masa walda ba a sake gasa shi ba, yakan sake tsagewa a gefen gyaran, don haka daina hawansa ya fi.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da 'yan wayoyi masu kauri ɗaya. Rukuni ɗaya ya riƙa lanƙwasa tasa sosai, wani ya lanƙwasa kaɗan, na uku ya fara ƙarzar tasa da zarto, kowa yana ƙirga juyin da aka yi kafin ta tsinke. Idan aka jera alkaluman a allo, za a ga abin da Wöhler ya gani a sandunan jirgin ƙasa fiye da shekara 150 da suka wuce.